Ranar da Mai Burodi Ya Juya Allo

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu dattawan unguwa, malamai, iyaye mata da suka daure suka ba mu aron mazajensu kowace yamma, 'yan wasa, da ku 'yan kallo da kuka fi kowa iyawa alhali ba ku taɓa zama a gaban allo ba, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a wajen rufe gasar ces ta bana, wato darar nan ta Turawa. Ni mai aski ne, a rumfar shagona ake buga wasan nan, kuma an san na fi kowa shan kaye. Amma wanda ya daɗe yana shan kaye, ai ya daɗe yana kallo.

Abu na farko da wasan nan ya koya mana shi ne riƙe hannu. Doka ce: ɗan wasan da ka taɓa, doki ne ko soja, dole ka motsa shi. Shi ya sa za ka ga ƙato da gemunsa ya zauna a kan tafukansa kamar ɗan makaranta. Wallahi da za mu riƙa zama a kan harsunanmu haka a gida, da an rage kai ƙara wurin surukai.

Na biyu, kuma shi ne ya tsayar da ni a gabanku, al'adarmu ce ta juya allo. A rumfarmu, duk wanda ya cika mita cewa abokin karawarsa ba ya tunani, sai mu juya allon, ya karɓi 'yan wasan wancan, ya ga abin da wancan yake gani.

Ga Mai Burodi nan zaune, ya ba ni izinin ba da labarinsa. Kwanakin baya ya zo mana yana huci. Ƙaninsa Auta, wanda ke kula da tanderu tun suna samari, ya sake ƙona burodi, masu shaguna sun fara komawa wani wuri. Ya ce sakaci ne da raini, gobe zai sallame shi, 'yan'uwantakar ma ta tsaya a gaisuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ni na yi wa su biyun aski suna yara. Na ba shi haƙuri, ya ƙi. Na tuna masa mahaifiyarsu, ya kau da kai. Da dabara ta ƙare mini sai na ce masa, mutumin da ke juya allo saboda sojan katako, ya kasa juya shi saboda ɗan'uwansa?

Washegari ya ɗaura ƙyallen aiki, ya tsaya a bakin tanderu, ya sa Auta ya tsaya gefe yana karanta masa agogon da ke nuna zafin wuta. Auta ya matso, ya ƙanƙance ido, ya ƙara matsowa har gumi na zuba, ya faɗi lambar da ba ita ba. Ashe idonsa ne ya yi rauni, ya daɗe yana auna wuta da tafin hannu. Mai Burodi ya tambaye shi me ya hana shi faɗa.

Auta ya ce, "Yaya, tsoro na ji kada ka ce ba ni da sauran amfani."

Jama'a, mutumin nan da kuke gani mai faɗa kamar me, a wurin ya zauna a kan buhun fulawa ya yi kuka. Rannan ba a yi gashi ba, asibitin ido suka tafi. Tabarau ne kawai, tabarau! Shi ne abin da ya kusa raba 'yan ciki ɗaya.

Sai dai alheri yana da tsada. Tunda Auta ya fara gani sosai ya shigo rumfarmu, kuma kun shaida ɗazu shi ya fitar da yayansa daga gasar. Mai Burodi ya raɗa mini cewa a duk kayen da ya sha a duniya, babu wanda ya kai wannan daɗi.

Allah ya ba mu haƙurin tsayawa inda ɗan'uwanmu yake tsaye kafin mu yanke masa hukunci. Allah ya haɗa kan gidajenmu, ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.