Nas a Layin Masu Tari

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, dattawa, iyayena na zumuntar mata, matasa, sannunku da sujada. Ku ce Halleluya!

Kai, ban ji ba. Wadda ta yi watanni ba ta iya ɗaga murya ce take roƙonku. Ku sake faɗa da ƙarfi!

Yauwa, yanzu na ji.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Rifkatu, amma a unguwa Maman Tabita ake ce mini. 'Yar ƙasar Zuru ce ni, aikin asibiti ya kawo ni Illela, ni nas ce. Maigidana, Baban Tabita, malamin makaranta ne. Ga shi can yana sunkuyar da kai, don ya san yau sai na ambace shi.

Na daɗe ina aiki a ɗakin marasa lafiya, kuma akwai abin da ya riƙa damuna. Mutum zai zo, mu yi masa magani, ya warke, ya tafi. Damina ta zagayo, sai ga shi kuma, da cutar da ta kawo shi bara, wani lokaci har da 'ya'yansa. Sai na ga kamar muna ta tsane ruwa a ɗaki ne, alhali rufin ne yake yoyo. Shi ya sa na nemi karatun digiri na biyu a fannin jinyar lafiyar al'umma, wato aikin nas ɗin da ba ta zama ta jira mara lafiya a gado, ita ce take shiga unguwa da ƙauye ta gano inda cutar take fitowa.

Ranar da na ji jami'a a Sakkwato ta ɗauke ni, rawa na yi a madafi da ludayi a hannu, har miya ta kama. Mun ci ta haka nan, da ƙaurinta, babu wanda ya yi ƙorafi!

Karatun bai zo da sauƙi ba. Na girmi kusan kowa a ajin, duk Anti suke ce mini. Kwamfuta ta wahalar da ni, lissafi ya wahalar da ni, ga zirga-zirgar mota tsakanin Illela da Sakkwato. Amma ina jin daɗinsa ƙwarai. Da aka zo kan bincike, sai na zaɓi abin da nake gani kullum a garin nan namu na bakin iyaka: me ya sa masu tarin fuka suke fara shan magani, sai su bari ba su ƙarasa ba? Magani kyauta ne, yana kuma warkarwa. To me ke hana su?

Na hau kabu-kabu na shiga Amarawa, na shiga Gidan Katta, na zaga unguwannin cikin gari. Mutanen nan ku kun san su da karamci. A shimfiɗa mini tabarma, a dama mini fura. Amma da na kawo maganar tari sai a ce, "Lahiya lau, Malama, mun gode." Shi ke nan. In koma gida da cikina cike, hannuna babu komai.

Ana cikin haka tari ya kama ni.

Na ce iskar mota ce. Na fara ramewa, na ce karatu ne. Zanen zumuntarmu da nake ɗaurawa daidai ya koma yana zagaye ni yana saura. Maigidana ya yi magana, na ce bari in gama wannan babin tukuna.

Wadda ta tsaya mini a kai ita ce Hajiya Hassi, mai gidan da muke haya, wadda take fataucin atamfa tsakanin nan da Konni ta ƙasar Nijar. Tun zuwanmu garin nan ta riƙe ni kamar 'yar da ta haifa. Wata safiya ta same ni ina shanya ina tari, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Maman Tabita, wanga tari naki bai yi min ba. Ke ce kullum kike hwaɗa muna mu tai asibiti. To ke mi kike jira?"

Na ce, "Hajiya, sanyi ne."

Ta ce, "Sanyi ba ya cinye naman mutum, ɗiyata."

Ba a jima ba na yi tari a hankici na ga jini. A ranar na kai kakina aka gwada. Abokiyar aikina da ta kawo mini sakamakon ta kasa kallon idona. Tarin fuka ne.

'Yan'uwa, zan faɗa muku gaskiya. Na san a littafi cewa cutar nan tana warkewa. Na faɗa wa mutane haka da bakina ba sau ɗaya ba. Amma da ta zo kaina, abin da na sani ya tsaya a kai, ya ƙi sauka zuciya. Abin da nake gani kawai shi ne ƙanwar mahaifiyata, wadda wannan tarin ya kashe a ƙauyenmu ina yarinya. Na tuna yadda aka ware mata ƙwaryarta, da yadda ta koma ƙashi da fata. Sai in dubi Tabita da ƙanenta in ce, wayyo, ko na riga na shafa musu?

Na koma ɗaki ni kaɗai, taga a buɗe, yara ba sa shigowa. Na fara shan magani, ya riƙa kayar da ni. Abinci ko ƙamshinsa ba na so. Ga kunya: nas, mai binciken tarin fuka, ita ce kwance da shi! Na ce wa maigidana na bar karatun, ya je Sakkwato ya gaya musu. Ya ce, "Ki warke tukuna, sai mu yi wannan maganar." Na juya masa baya. Ko addu'a na daina iya yi. In na buɗe baki sai kuka.

Ran nan da la'asar sai na ji hayaniya a tsakar gida. Matan zumunta ne, Mama Saratu shugabarmu tana gaba. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce kada kowa ya shigo.

Mama Saratu ta matso bakin taga ta ce, "Rifkatu, kwantar da hankalinki, ba shiga muka zo yi ba. Addu'a ba ta neman ƙofa."

Hajiya Hassi da kanta ta fito musu da tabarmi da ruwan sanyi. Suka jeru a gindin tagata suka fara waƙa, a hankali, sannan suka shiga addu'a ɗaya bayan ɗaya, suna kiran sunana. Ban san lokacin da na sauko daga gado na durƙusa ba. Abin da na iya faɗa kaɗan ne. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Shekara da shekaru ina riƙe hannun marasa lafiya. Yau ni ce. Ka riƙe nawa."

Ban ga walƙiya ba, ban ji wata murya ba. Tarin ma bai tsaya a ranar ba. Amma tsoron nan da ya zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa, sai na ji an ɗauke shi. An ɗauke shi ɗungum! Na numfasa, na share hawaye, sai na ji wani abu da na manta da shi. Yunwa!

Na leƙa ta taga na ce, "Mama, ko akwai tuwo?"

Matan nan suka fashe da dariya da guɗa. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Majinyaci ya nemi abinci, sauƙi ya taho!" Ta shiga ɗakinta ta zubo mini tuwon dawa da miyar kuka, na cinye tas. Halleluya!

Daga nan alherin Allah ya riƙa zuwa ɗaya na bin ɗaya. Aka gwada yaran da babansu, babu wanda ya kamu. Malamar da take duba bincikena a jami'a, wata baiwar Allah mai tsanani a aji, ta kira ni a waya ta ce, "Na ji kina maganar ajiye karatu. Ban karɓa ba. Hutu za ki yi, ki dawo."

A ƙa'idar maganin nan, ana so a sami wanda zai riƙa tsayawa ya ga mutum ya haɗiye ƙwayoyinsa kullum. Aka ba Baban Tabita wannan aikin. Jama'a, ashe haka 'yan makarantarsa suke shan wuya! Da safe zai tsaya a kaina da kofin ruwa, in haɗiye, sai ya ce, "Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe." In ce masa, "Malam, ni fa nas ce." Ya ce, "A asibiti ke nan. A nan ɗalibata ce ke."

Ku gafarce ni da wannan a cikin majami'a. Maganin yana mai da fitsari ja. Ni da nake gargaɗin mutane kada su tsorata in sun gani, ranar da na ga nawa ihu na yi, har Hajiya ta fito a guje ba mayafi!

Da na ji ƙarfi, likita ya ce na daina shafa wa mutane, sai na fara zuwa karɓar magani da kaina. Abokan aikina suka ce in zagayo ta baya su miƙo mini. Na ce a'a. Na je na zauna a benci, a layi, da katina a hannu.

Na kusa da ni wani ɗan kabu-kabu ne mai suna Mamman, wanda yake ɗaukar fasinja tsakanin Illela da Konni. Ya san ni da farin kaya. Ya dube ni ya ce, "Malama, mi kike yi nan? Wanga layin masu tari ne."

Na nuna masa katina na ce, "Nawa na zo karɓa."

Ya karɓa ya juya shi, ya dube ni, sai ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma na kama dariya, nawa tarin ya tashi. Duk bencin aka ɗauka. Da muka lafa sai ya ce, "Ke ma maganin yana sa ki juwa da sahe?"

Na ce, "Sosai ma."

Ya ce, "To ki hau mashin da wagga juwa ki gani. Shi ya sa na bari wancan karon."

Abin da na yi ta yawo ƙauyuka ina nema, ga shi ya zo mini a kan benci! Mamman ya ce in aiki ya riƙe shi a Konni maganinsa ya ƙare, can ba su san katinsa ba. Ya ce in fasinja suka ji labarin tarinsa, babu mai hawa bayansa. Wata mata daga Amarawa ta matso ta ce ita a rumbu take ɓoye nata maganin, don in aka gani a gidan za a daina cin girkinta. Wani dattijo ya ce shi da ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke ne.

Na bayyana musu karatun da nake yi, na nemi izininsu in yi amfani da abin da suka faɗa ba tare da sunan kowa ba. Suka yarda. Suka ma riƙa kawo mini wasu. Bencin nan ya zama kamar dangi. In wani bai zo ranar karɓarsa ba, sai a tambaya, a je a duba shi. Mamman ya koma shan nasa a lokacin da ma'aikata suka daidaita masa da aikinsa, ya kuma ƙarasa. Yau ya yi ƙiba har mashin ɗinsa yana kuka!

Wata shida cif na sha magani. Aka sake gwaji, aka ce babu ko alamar cutar. A ƙofar asibiti na durƙusa, mutane suna wucewa suna kallo, na ce, "Na gode, Yesu!"

Na koma makaranta, na rubuta bincikena. Ranar da na tsaya gaban manyan malamai don in kare shi, wani farfesa baƙo ya sauke tabarau ya ce, "Mutanen nan ba sa sakin baki a kan cutar nan. Wace dabara kika yi suka gaya miki duk wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tare muka sha maganin."

Aka yi dariya, sannan aka tafa. Na ci! Yau ina da digirina na biyu, kuma an mai da ni aikin lafiyar al'umma. Yanzu in majinyacinmu zai tsallaka iyaka, muna sanar da 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya na can, su ma suna sanar da mu, don kada maganin kowa ya yanke a hanya.

Ina gode wa Ubangiji da ya ba ni numfashi, ya kare 'ya'yana, ya ba ni miji mai haƙuri, da iyaye irin Mama Saratu da Hajiya Hassi. Allah ya saka musu da alheri.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban san abin da ya danne maka ƙirji ka shigo da shi yau ba. Ko ba ka iya doguwar addu'a, faɗa masa kaɗan ɗin da ka iya, yana ji. Ka dogara gare shi, kada ka ɓoye ciwonka, kuma ka sha maganinka har ƙarshe, don shi ne ya ba mutane hikimar yin sa.

Sannan tun da na fara magana nake jin wani yana tari a bencin baya. Ba zan nuna ka ba. Amma in an tashi sujada, ina nan bakin ƙofa ina jiranka.

Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu. Amin!