Wasan da Ba a Cin Gwaggo

Jaka ɗaya, katan na naman gwangwani, da kwalin wasa. Kayan saurayin da ke gefena ke nan a ɗakin jiran jirgin ruwan tsibirin Vava'u. Wata tsohuwa ta zunguri kwalin da mafici.

"Ɗana, me ka rungume haka kamar jariri?"

"Wasan tebur ne, Inna. Yaro zai koye shi nan take, gwani kuma ba zai raina shi ba."

"Kai ne gwanin?"

"Muna da ƙungiya a Auckland. Bara na kai wani wasan gida, na lallasa Gwaggo Lupe a ciki."

"Yayar ubanka? A gaban jama'a? Boko ya cinye maka hankali."

"Tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Ga aurena ya matso, in ba ta zo ba babu biki. Shi ya sa na sayo wannan. A cikinsa ba a cin kowa. Kwalekwale ɗaya ake tuƙawa, a tsira tare ko a nutse tare."

"In kun nutse, laifin wa?"

Ya gyara riƙon kwalin. Tsohuwar ta ci gaba.

"Kuma wa zai dinga gaya mata katin da za ta jefa?"

"Ai shawara ce kawai."

"Ni ma gwaggo ce, ɗan nan. Ba tsira take nema ba. Kai take so ta ga ka nutse."

Aka kira fasinjoji, muka shiga, ma'aikaci ya rufe ƙofa. Saurayin ya cusa kwalin ƙarƙashin kujera.

"Wasan bara zan fito da shi," in ji shi. "Amma sai ta yi gumi kafin ta ci ni."