Mu Daga Dama Muka Buɗe

A tasha, wata mata mai akwati biyu ta leƙa littafin da ɗalibar kusa da ita ke karantawa.

"Labarin mene ne, ƙanwata?"

"Soyayyar zamanin takobi ce, Yaya. Ya ƙone garin ubanta, ta rantse sai ta ga bayansa. A shafin ƙarshe kuma ta aure shi. Har kuka na yi. Ko ba ki yarda ba?"

"Na yarda mana. Labarinmu ke nan ni da maigidana, sai dai mu daga dama muka buɗe littafin, kamar ajami. Da ƙaunar muka fara."

"Yanzu kuna ina?"

Matar ta dafa akwatinta. "Wajen ƙona gari. Duba min, shafi nawa ya rage kafin mu koma ba mu san juna ba?"