Salkar Tafiya Kordofan

A kasuwar Omdurman, Hansatu ta tsaya a rumfar wani dattijon baduku, tana ta waige-waige.

"Baba, salka nake so, wadda za a rataya a doki."

"Ga jarka, 'yata."

"A'a, jarka tana dukan haƙarƙarin doki, ruwan ya ɗau zafi."

"To, taɓa wannan ta fatar akuya, lafewa take a jikin sirdi. Tafiyar ina ce?"

"Kordofan."

"A doki? Ga motoci cike da tasha?"

"Mai tafiyar ba ya son mota."

"Ko dai shingen masu kamen samari aikin soja ne ba ya so? Shekarunsa nawa?"

Hansatu ta ajiye salkar, ta ja mayafinta za ta wuce.

"Dakata," in ji dattijon, ya jawo wata daga ƙarƙashin benci. "Waccan sabuwa ce, ruwanta zai yi ɗaci. Wannan na jiƙa ta, na gwada, ba ta yoyo."

"Ta wane ne?"

"Ɗana na ɗinka wa. Saura kwana ɗaya ya tafi masu kamen suka sauke shi daga bas a cikin gari. Ki ce wa naki ya tashi yau."