Jar Alamar da Na Jefa a Murhu

Salama gare ka, ɗana mai karanta wasiƙu a rediyo. Ni tsohuwa ce daga Kafanchan. Ban yi boko ba, matar fastonmu ke rubuta mini.

Jikata Rifkatu ta samo takardar koyon tuƙi, tana koyo da motar kawunta. Ran Talata ina shara, sai na ga jar alama manne gaban motar da bayanta. Lokacin rikici, haka aka shafa jan fenti a gidajen layinmu kafin a ƙona su. Na ɓamɓare duka na jefa a murhu, ban gaya wa kowa ba.

Da ta fita koyo da kawun nata, masu duba motoci suka tare su a hanyar Kagoro, wai ina alamar mai koyo? Suka riƙe takardarta, wai sai ta zo ofishinsu ran Litinin. Ta dawo tana kuka: "Kaka, wane mugu ya yi mini haka?"

Ɗana, in na je na ce ni ce, za su mayar mata? Ko kulle ni za su yi? Ka amsa da ƙarfi, kunnena ɗaya ke ji.