Ƙafar Yumɓu a Korinti

A ƙofar haikalin waraka na Korinti akwai wata tsohuwa mai sayar da gaɓoɓin yumɓu, irin waɗanda wanda ya warke yake ratayewa don godiya. Ina tsaye a inuwar rumfarta sai wani ɗan dako ya zo.

"Inna, ƙafa nake so."

"Barka da arziki! Kwana nawa ka yi a ciki?"

"Ba nan na warke ba. Mutanen Yesu ne, a gidan wani masaƙi. Shekara uku ina jan ta, suka yi addu'a na miƙe. Can zan kai."

"Su da ko gunki ba su da shi, a ina za ka rataya?"

"To ya zan yi? Na kai zakara sun ƙi. Wai in tuba."

"Ka tuba mana, ai ba wuya."

"Ba wuya? Cewa suka yi in nemi gafarar ƙanena Filon. Shaidar zur na yi masa, ya rasa gonarsa."

"Ina yake?"

"Bakin teku. Tafiyar rabin yini."

"A da gurgu ne kai, kana da hujjar ƙin zuwa. Yanzu fa? Shekara talatin ina gasa ƙafafu, ɗan nan, ban ga wadda ta je ko'ina ba."

"In ya kore ni fa?"

"Ka dai je." Ta sassauta murya. "Mutanen nan suna duba idanu? Maƙwabciyata nake tambayar wa."

Ya ɗaure igiyar takalminsa.

"Ki ce mata ta shirya. In na dawo daga wurin Filon, ni zan riƙe mata sanda."