Mai Gaida Hankaka

A tashar Kontagora, shekarar da motoci suka koma hannun dama, ina jiran lorin Rijau sai wani mutum ya cire hula ya gaida hankaka. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ɗago kai.

"Bawan Allah, surukinka ne?"

"A'a, Iya. Ni kuku ne a mishan. Fadan cocinmu, Baturen Ailan, ya ce a ƙauyensu akwai tsuntsu mai baƙi da fari. In ka gan shi shi kaɗai, mugun labari ne, sai ka gaishe shi. In biyu ne, alheri."

"Oho! Ya ƙetaro teku ya hana ku camfi, ashe da nasa a akwati?"

"Wasa yake. Ni ma ban yarda ba."

"Shi ya sa hular take hannunka har yanzu. Ina za ka?"

"Gida. An aiko matata na kan gwiwa tun jiya. Na farin bai zo da rai ba."

"Ɗana, hankakan Kontagora bola kawai ya sani."

"Na sani, Iya." Amma idonsa na sama.

Tsohuwar ta yi tsaki, ta ɗebi gyaɗa ta watsa. Wani hankaka ya sauko.

"Ga biyu nan. Shiga mota."

Sai na uku ya dira.

"Uku fa, me Baturen ya ce?"

"Ya ce 'ya mace ce."

"To, sunana Iyatu. Kar ka manta ranar suna."